Yadda ake haɗa na'urar sanyaya ta gawayi da iskar CO2

A wannan na'ura gawayi ne ke yin aikin kwamfureso, wato injin da ke matse iska a firji. Idan ya yi sanyi sai ya zuƙe CO2, wato iskar carbon dioxide, cikin ƙananan ramukansa, idan aka dumama shi ya sake ta da matsi mai ƙarfi. Zafin da ake buƙata digiri 80 zuwa 90 ne na ma'aunin Celsius, wanda ruwan injin janareto ko hasken rana za su iya bayarwa.

A fara da zaɓen gawayi. Na girki ba ya yi, sai wanda aka sarrafa har ramukansa suka buɗe. Na ɓawon kwakwa yakan kai murabba'in mita 1,000 na fili a kowane giram. Maxsorb III na kamfanin Kansai Coke and Chemicals da ke Japan ya kai kimanin 3,000, kuma a kansa masu bincike a Jami'ar Kyushu suka yi gwaje-gwaje da yawa. Aibinsa shi ne gari ne mara nauyi, zafi ba ya ratsa shi da sauri. Saboda haka ake gauraya shi da garin girafayit, wato baƙin da ke cikin fensir, da ɗan abin ɗauri, a danne shi siriri a jikin bututun ruwa mai fikafikai. Idan ya yi kauri, tsakiyarsa ba za ta ɗumama ba kafin lokacin juyawa daga dumamawa zuwa sanyaya ya yi.

Ana buƙatar tukunyar gawayi biyu, kondensa inda CO2 ke hucewa ta zama ruwa, bawul mai rage matsi, da bututun sanyi inda ruwan ke komawa iska yana ɗauke zafi. Kowane sashe ya zama an ƙera shi don matsi sama da bar 100 (bar ma'aunin matsi ne), da bawul mai sakin iska idan matsi ya wuce kima. Kayan firji na gida ba za su jure ba, kada ma a gwada. A bakin kowace tukunya a sa rariya mai laushi, in ba haka ba garin gawayi zai bi iska ya toshe bawul. A rage sararin banza a cikin tukunya, domin iskar da ke zaune a wurin ba ta haifar da sanyi.

Kafin ɗura iska a gwada yoyo da naitirojin da ruwan sabulu. Sannan a dumama gawayin zuwa digiri 120 zuwa 150, famfon zuƙe iska yana aiki na awoyi, har danshi ya fita. Ramin da ruwa ya riga ya zauna a ciki, CO2 ba za ta samu wuri ba. A ɗura busasshiyar CO2 a matsayin iska har geji ya wuce bar 5.2, kafin a zuba ta a matsayin ruwa. Idan aka zuba ruwanta ƙasa da wannan matsi, daskarewa take yi ta toshe hanya.

Aikin kansa karɓa-karɓa ne. Ana tura ruwan zafi tukunya ta ɗaya, bawul a rufe, har matsinta ya kai na kondensa, sai a buɗe. A lokacin ta biyu tana shan ruwan sanyi, tana zuƙar iska daga bututun sanyi. Bayan 'yan mintoci a juya.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne kondensa. CO2 ba ta zama ruwa sama da digiri 31.1, komai matsin da aka ba ta. Ko kafin a kai nan ma ribar tana zubewa: idan bututun sanyi yana digiri 15, wato bar 51, kondensa tana 25, kilo ɗaya na CO2 yana ɗauke zafi kusan kilojul 140 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Idan kondensa ta kai digiri 30 ya ragu zuwa kusan 110, matsi kuma ya tashi daga bar 64 zuwa 72. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, fanka kaɗai ba za ta iya ba. Dole a sanyaya ruwan da ke huce kondensa ta hanyar tururi a hasumiyar sanyaya, abin da ke aiki sosai a busasshiyar iska. A ganinmu duk wanda ba shi da ruwan da ke ƙasa da digiri 28, gara ya nemi wata hanya. Dama sanyin da ake samu bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin da aka zuba ba, sai da zafin kyauta abin yake biya.

Kada a taɓa kulle ruwan CO2 tsakanin bawul biyu, domin da ya ɗumama matsi zai haura ya fasa bututu. CO2 ba ta da wari, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasa take taruwa. A sa na'urar gargaɗi kusa da daɓe, a saita ta a 5,000 ppm, wato kashi 5,000 cikin miliyan, a kuma bar kafar iska ta ƙasa.