Yadda ake kwashe hotuna da takardu tsakanin waya da kwamfutar tebur

A nan Damagaram wayar hannu ta zama rumbun ajiyar mutane da yawa. A cikinta ɗalibin Jami'ar André Salifou yake tara darussansa, a cikinta ɗan kasuwar Dole yake ajiye hoton kaya da na rasit, kuma a cikinta uwargida take adana hotunan suna da na biki na shekaru da dama. Ranar da wayar ta fara kukan cewa wuri ya cika, ko aka buƙaci buga wata takarda a biro, sai a fara neman hanyar da za a kai abin da ke cikinta zuwa kwamfuta. Hanyoyin suna da yawa, amma ba darajarsu ɗaya ba, musamman a garin da mega ke da tsada kuma kuran yake iya ɗaukewa ba sallama. A ganina kebul shi ne babbar hanya, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Abu na farko shi ne kebul ɗin kansa, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Akwai kebul ɗin da aka yi don caji kawai, wanda babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsa, kuma a ido ba ya bambanta da mai kyau. Idan aka haɗa waya da kwamfuta da irinsa, waya za ta nuna tana caji, kwamfuta kuwa ba za ta san an haɗa komai ba, sai mutum ya yi ta zargin wayarsa alhali ba ta da laifi. Kebul ɗin da ya zo cikin kwalin wayar shi ne abin dogaro. In ya ɓata, a sayi wani, amma a gwada shi da kwamfuta kafin a bar wurin mai sayarwa idan da hali. A kuma lura da bakin wayar: tsofaffin wayoyin Tecno da itel da ire-irensu suna da ƙaramin baki na micro-USB wanda ke shiga ta fuska ɗaya kawai, sababbi kuma suna da USB-C mai shiga ta kowace fuska, yayin da iPhone ta yi amfani da bakinta na Lightning har zuwa 2023, lokacin da iPhone 15 ta koma USB-C. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin bakin waya har ta hana kan kebul zama daidai, kuma maganin wannan shi ne a kashe wayar a sa tsinken sakace a fito da dattin a hankali. Kada a sa allura ko wani ƙarfe.

A jikin kwamfutar tebur akwai ramukan USB a gaba da kuma a baya. Na baya sun fi aminci, saboda a manne suke da babban allon kwamfutar, na gaba kuwa da ƴan wayoyi aka jawo su, kuma su ne suke fara lalacewa saboda yawan sawa da cirewa.

Bayan an haɗa, sai a buɗe makullin wayar, domin wayar da ke kulle ba ta nuna wa kwamfuta abin da ke cikinta. A ja allon daga sama zuwa ƙasa, za a ga sanarwa cewa wayar tana caji ta USB. A taɓa sanarwar, zaɓuɓɓuka za su fito, a zaɓi na tura fayil, wanda a wayoyinmu da aka saita da Faransanci ake rubuta shi «Transfert de fichiers», wasu kuma suna ƙara haruffan MTP a gefensa, wato sunan wannan tsari na tura fayil ta kebul. Yawancin wayoyi suna komawa kan caji kawai duk lokacin da aka cire kebul, saboda haka ba laifi ba ne idan aka ga sai an maimaita wannan zaɓi a kowane haɗi. An yi haka ne don kada wata baƙuwar na'ura ta karanta wayar mutum ba da saninsa ba. A kwamfuta kuma a buɗe «Ce PC», za a ga sunan wayar, a cikinsa akwai ma'ajiyar wayar ta ciki, da katin memori idan akwai shi.

Wanda ya buɗe ma'ajiyar a karon farko yakan ruɗe da yawan dosiye masu sunaye barkatai, amma kaɗan ne daga cikinsu suka shafe shi. Hotuna da bidiyon da kyamarar wayar ta ɗauka suna cikin DCIM. Abin da aka sauke daga intanet yana cikin Download, hoton allo kuma galibi yana cikin Pictures ko cikin DCIM ɗin. Na WhatsApp ne yake wahalar da mutane, domin a da dosiyensa a fili yake tun daga farko, amma tun daga Android 11 an mayar da shi ciki: sai an buɗe Android, sannan media, sannan com.whatsapp, sannan WhatsApp, sannan Media, a nan ne za a tarar da hotuna daban, bidiyo daban, takardu daban, saƙonnin murya daban. Saƙonnin muryar suna zuwa da tsarin opus, wanda wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa buɗewa, amma manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana karanta su. Sauran dosiyen da ba a san aikinsu ba a bar su yadda suke, domin goge ɗaya daga cikinsu yana iya lalata wata manhaja.

Yanzu ga batun da ya fi damuna a duk wannan aiki. Idan an zaɓi hotunan, kwamfuta tana ba da hanya biyu, kwafa da yankewa, wato Ctrl da C ko kuma Ctrl da X, kafin a je inda ake so a danna Ctrl da V. Kwafa tana barin asalin a waya ta yi wani a kwamfuta, yankewa kuwa tana goge na waya yayin da take kaiwa. Mutane suna son yankewa don ta rage musu aiki, tunda dama wuri suke nema a wayar, kuma ni ma haka nake yi a da. Wata rana ƙanwata ta ba ni wayarta in kwashe mata hotunan sunan ɗanta na fari, na yanke su gaba ɗaya, aiki ya yi nisa sai kuran ya ɗauke. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta hannu, nan take ta mutu. Da wuta ta dawo na tarar wasu hotunan sun bar wayar, kuma waɗanda suka iso kwamfuta a daidai lokacin sun ƙi buɗuwa. Har yau ina jin nauyin abin idan aka yi zancen sunan nan. Abin da aka goge daga waya ta hanyar kwamfuta ba ya shiga kwandon shara na Windows balle a dawo da shi. Don haka tsarin da nake bi, kuma nake roƙon kowa ya bi, shi ne a kwafa, a jira aikin ya ƙare, a gwada adadin fayil na nan da na can ta hanyar danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan dosiye a duba bayanansa, a buɗe wasu hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshe a tabbatar suna buɗuwa, sannan a koma waya a goge da hannu. Wanda yake da akwatin ajiyar wuta da ake haɗa wa kwamfuta ya samu sauƙi, amma ko da shi kwafa ta fi.

Yana da kyau kuma a raba aikin kashi-kashi. Tsarin MTP yana yin aiki ɗaya ne a lokaci ɗaya, kuma dubban ƙananan hotuna suna gajiyar da shi fiye da babban bidiyo guda, har ya tsaya cak a tsakiya. A ɗauki na wata ɗaya ko biyu, a buɗe musu dosiye mai suna bayyananne kamar shekara da wata da abin da ya faru, a gama da su kafin a ɗauki na gaba. Kai fayil daga kwamfuta zuwa waya ma haka yake, sai dai a juya: a kwafa daga kwamfuta a ajiye cikin Download ko Documents ko Music na wayar, inda za a same shi cikin sauƙi.

Mai iPhone lamarinsa ya ɗan bambanta. Idan ya haɗa, wayar za ta tambaye shi ko ya amince da wannan kwamfuta, sai ya amsa ya sa lambar sirrinsa, kuma abin da Windows zai nuna masa hotuna ne da bidiyo kawai, ban da sauran takardu. Tun daga 2017 iPhone tana ajiye hoto da tsarin HEIC wanda wasu kwamfutoci ba sa buɗewa, amma a saitin hotuna akwai zaɓin da ke sa wayar ta mayar da su tsarin da kowace kwamfuta ke ganewa a lokacin turawa.

Hanya ta biyu ita ce katin memori. A kashe waya, a cire katin, a sa shi cikin ƙaramar na'urar karanta kati wadda ake samu a wurin masu sayar da kayan waya, a soka a kwamfuta, zai fito kamar kile USB. Hanyar tana da sauri, amma tana da sharuɗɗa. Katin da aka tsara da FAT32, wani tsohon tsarin ajiyar fayil, kamar yawancin masu giga 32 zuwa ƙasa, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4 ko da akwai sauran wuri, sai an sake tsara shi da exFAT, kuma sake tsarawa tana share duk abin da ke ciki, don haka sai an kwashe tukuna. Kafin a zare katin a umarci Windows ya sake shi ta hanyar «Éjecter». Akwai kuma katunan jabu da ake rubuta musu giga 64 ko 128 alhali cikinsu bai kai haka ba, suna karɓar kaya kamar lafiya, daga baya hotunan su ƙi buɗuwa. Kati mai arha fiye da kima abin tsoro ne.

Haɗarin da ya fi yawa a wannan hanya shi ne ƙwayar cutar kwamfuta da ke yawo a siber da wuraren fotokofi, inda kile ɗari suke shiga kwamfuta ɗaya. Alamarta ita ce dosiye su koma gajerun hanyoyi, wato «raccourcis», masu ƴar kibiya a ƙasan hotonsu. Duk wanda ya ga haka kada ya danna su, kuma kada ya yi gaggawar share katin, domin a mafi yawan lokuta fayil ɗin suna nan, ɓoye su aka yi, kuma mai gyara zai iya fito da su bayan ya wanke katin. A nan ma kebul ya fi, saboda wayar da aka haɗa ta MTP ba ta fitowa a matsayin kile, don haka irin wannan cuta ba ta cika samun hanyar shiga ba.

Bluetooth ba ya cin mega, amma tafiyar hawainiya yake yi. Ya isa a tura takarda ɗaya ko hoto biyu, bidiyo mai mega 100 kuwa yana iya cin minti goma, abin da kebul zai gama cikin ƴan daƙiƙu. Ban da haka, yawancin kwamfutocin tebur, musamman na hannu na biyu da suka cika ofisoshinmu, ba su zo da Bluetooth ko Wi-Fi ba, sai an saya musu ƴar na'urar da ake sokawa a USB. Idan an samu Wi-Fi da Bluetooth ɗin, manhajoji irin su Xender da Quick Share suna tura manyan fayil tsakanin waya da kwamfuta ba tare da cin mega ba a lokacin turawar.

Saura hanyoyin intanet, waɗanda suke da amfani idan abin ƙarami ne ko kuma waya da kwamfuta ba wuri ɗaya suke ba, kamar wanda yake Mirriya yana so a buga masa takarda a Zinder. WhatsApp Web shi ne mafi sauƙi: a buɗe shafinsa a kwamfuta, a shiga «Appareils connectés» a waya, a haska lambar da ta fito a allo, sannan mutum ya tura wa kansa abin da yake so ya sauke a can. Sai dai WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, saboda haka hoton da za a buga, kamar takardar haihuwa ko shaidar karatu, a tura shi ta zaɓin takarda, wato «Document», domin ta haka yake isa da cikakken ingancinsa, kuma ana iya tura fayil har na giga 2. Google Drive yana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, waɗanda yake rabawa da Gmail da Google Photos. Amma a riƙa lissafi: fayil mai mega 500 zai ci mega 500 wajen hawa, ya ci wasu 500 wajen sauka, kuma idan kwamfutar da intanet ɗin wayar take aiki, duka biyun daga aljihu ɗaya za su fita.

Wanda ya yi wannan aiki a kwamfutar da ba tasa ba, a siber ko a biro, yana da sauran aiki kafin ya tashi. Ya fita daga WhatsApp Web, ya kuma duba cikin wayarsa ya tabbatar an cire kwamfutar daga jerin na'urorin da aka haɗa, in ba haka ba wanda ya zauna bayansa zai iya karanta saƙonninsa. Ya fita daga Gmail. Ya goge kwafin katin ɗan ƙasa ko na takardun makaranta da ya sauke, daga cikin «Téléchargements» da kan allo, sannan ya buɗe «Corbeille», wato kwandon shara, ya zubar da abin da ke ciki, domin fayil ɗin da aka goge yana zama a can har sai an zubar.