Yadda Za A Sauƙaƙa Zafin Fatar Kai Ga Mai Zubewar Gashi

Idan gashi ya zube, fatar kai takan rasa garkuwarta, shi ya sa zafin ranar Sakkwato a watan Afrilu da ƙurar hunturu suke ƙara mata raɗaɗi. A riƙa wanke kai da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, a tsane shi a hankali ba tare da gurzawa ba, sannan a shafa man kaɗanya. Hula ko ɗankwalin auduga ya fi, domin yadin roba yana tara gumi. Mata su haƙura da matsattsen kitso da man da ke sakin gashi (rilaksa).

Kada a sosa, komai tsananin ƙaiƙayin. A ɗora tsumma mai sanyi. In ƙuraje ko mugunya suka bayyana, a garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin makero yakan yi kama da wannan ciwo.