Darasi na Bakwai: Ruwa Nawa Injin Ban Ruwa Yake Ba Ka?

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Argungu ko Jega ko Bunza ya san injin ban ruwa mai inci biyu. A jikin kwalinsa akan rubuta lambobi biyu manya, misali lita 600 a minti, da mita 28. Manoma da yawa sun ɗauka injin yana ba da lita 600 har a tsayin mita 28. Ba haka ba ne. Lita 600 shi ne abin da zai zubar idan ba ya hawa da ruwan ko kaɗan. Mita 28 kuwa nan ne ƙarfinsa ya ƙare, ko ɗigo ba zai fita ba. Gonarka tana wani wuri a tsakani.

Kamar jaki ne da kaya: a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yana sauri, da ya fara hawan tudu sai tafiyar ta ragu.

A cikin takardar da ke zuwa da injin akwai wani zane mai layi lanƙwasasshe da ke gangarowa daga hagu zuwa dama. Kada a yi ƙunshin gyaɗa da wannan takarda. Lambobin gefe, na tsaye, su ne tsayin da ruwa zai hau, da mita, wani lokaci an sa musu harafin H. Lambobin ƙasa, na kwance, yawan ruwa ne, da harafin Q. Ka nemi tsayinka a gefe, ka ja yatsa zuwa dama har ka taɓa layin, sannan ka gangaro ƙasa ka karanta. A misalinmu, a mita 10 injin yana ba da lita 450, a mita 20 yana ba da 250. Idan an rubuta m³/h, mita kubik ɗaya lita 1,000 ne, kuma lissafin na awa ne.

Inda ake yawan kuskure shi ne auna tsayin. Ana farawa daga saman ruwan da ke cikin bohol ko gulbi lokacin da injin yake aiki, domin da an tayar da shi ruwan bohol yana sauka. A ce daga ruwan zuwa injin mita 5 ne, daga injin zuwa bakin tiyo a gona mita 3, ya zama 8. Saura tiyo. Ruwa yana gogar cikinsa, wannan guga kuwa tana cin ƙarfi tamkar hawa. Tiyo mai inci biyu, tsawon mita 30, yana iya ƙara kamar mita 6 idan ruwan yana gudu sosai. Tsayinka ke nan mita 14, kuma a zanenmu hakan yana faɗawa wajen lita 370. Tiyon da ya karye a kwana, ko aka haɗa shi da ƙarami, ya fi haka ci. Shi ya sa mai doguwar hanya ya fi samun sauƙi da tiyo mai faɗi.

Wani abu kuma: injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai girmansa. A watan Maris da Afrilu, da ruwan fadama ya ja ƙasa, wasu kan haƙa rami su sauke injin don ya matsa kusa da ruwa, kuma dabara ce mai kyau.

Zanen an yi shi ne da sabon inji, naka kuwa ya sha aiki. Sai a gwada. Ka kafa durom mai lita 200 a bakin tiyo, yaro ya riƙe waya yana ƙidaya sakan har ya cika. Raba 12,000 (wato lita 200 sau sakan 60) da sakan ɗin. Idan ya cika a sakan 32, lita 375 ke nan a minti, injin lafiya lau. Idan ya kai sakan 50, lita 240 kawai, to a duba matacin da ke bakin tiyon zuƙo ruwa ko ya toshe, ko iska tana shiga ta mahaɗin tiyo.

Yanzu ga amfanin lissafin. Fili mai mita 50 tsawo da 50 faɗi, kwatan hekta ke nan. Kafin ruwa ya kwanta a kansa zurfin santimita 5, sai lita 125,000. Lita 370 sau 60 ya ba da 22,200 a awa, saboda haka aikin zai ci awa biyar da rabi da ɗan ɗori. Wanda ya bi lambar kwali zai sayi man awa uku da rabi ne, injin ya mutu masa fiye da kashi ɗaya cikin uku na gonar a bushe. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, awa biyu na inji ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ƙasa mai yashi tana shanye wani kaso a hanya, a ƙara mata lokaci.

Aikin gida: durom ɗinka ya cika a sakan 40. Lita nawa ke nan a minti? Awa nawa za ka yi kafin ka ba rabin hekta ruwa zurfin santimita 5? Ka zo aji da takardar injinka mu karanta tare.