Ƙarfen tura saitin fistol: wanne za ka saya, kuma ya ake aiki da shi

Wannan bayanin na 'yan uwa ne da ke zaune a Amurka masu zuwa filin koyon harbi da bindigarsu ta halal, don a gida Najeriya kam fistol na cikin makaman da doka ta hana farar hula riƙewa a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Ni a Texas nake, kuma sai da na ɓata saiti guda na karce bindiga kafin na gane abin.

Fistol saiti biyu gare ta, ɗan tsinin gaba da kuma na baya mai tsaga a tsakiya. A yawancinsu na bayan ba a ɗaure yake da noti ba, cusa shi ake yi ta gefe cikin wani rami da aka yanka a saman silaid, wato ƙarfen saman nan da ke ja baya in an harba, matsi ne kawai ke riƙe shi. Toh in harsashinka na zuwa hagu ko dama sai an tura shi gefe, shi ne aikin wannan ƙarfen da Turawa ke ce wa sight pusher. Yana kama silaid ya matse, kai kuma kana juya wani dogon noti yana tura saitin a hankali.

Amma kafin ka fitar da ko sisi, ka tabbata laifin bindigar ne. Wallahi yawancin masu cewa "bindigata na harbi hagu" hannunsu ne. Mai harbi da dama in yana fizgar kunama harsashi ƙasa-ƙasa hagu yake tafiya, kowane malamin harbi zai gaya maka haka. Ka ɗora hannu kan buhun yashi a tebur, ka harba biyar a nutse, ka sake biyar, in da hali ka ba wani gwani shi ma ya gwada. In duk sun taru wuri ɗaya a gefe toh saiti ne, in ko sun watsu kamar an watsa wa kaji tsaba ka bar saitin nan ya huta, ka koma atisaye.

Maganar saye. Akwai masu araha na dala 30 zuwa 50 a intanet, akwai na tsakiya irin na Wheeler da Real Avid, sai kuma na MGW wanda masu gyaran bindiga ke ji da shi, shi wannan kuɗinsa ya kusa rabin na wata bindigar ma. Ni mai arahar na fara saye, ba zan kama suna ba, sai ga shi silaid na zamewa a ciki ina juyawa yana karkacewa, bakin da ke turawa ya haye saman saitin ya lanƙwasa shi ya bar min tabo a gefe har yau ina ganinsa raina na ɓaci. Abin da za ka duba: ya kama silaid ta gefe biyu da sama yadda ko motsi ba zai yi ba, wurin kamun ya zama da roba ko leda mai kauri, sannan bakin turawar ya sauka can ƙasa a gindin saiti daidai ramin. Akwai wanda aka yi wa samfurin bindiga ɗaya, akwai na gama-gari. In bindigarka ɗaya ce kuma sau ɗaya za ka yi gyaran, gaskiya ka kai wa mai gyara ya fi maka sauƙi, ƙarfen na wanda zai riƙa canje-canje ne.

Wasu za su ce ai guduma da 'yar sandar tagulla sun isa. Eh suna yi, haka aka saba da can, amma in saitinka irin na dare ne mai haske kamar na Trijicon, 'yar kwalba ce ƙarama a ciki mai iskar tiritiyom, duka ɗaya na iya fasa ta hasken ya mutu. Ga shi kuma da guduma ba ka iya auna ko nawa ka matsar, kuma duk maganar a aunin take.

Ga lissafin. Ka ɗauki yawan kaucewar harsashi, ka ninka da tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, ka raba da nisan da ka harba, duk a ma'auni ɗaya. Misali fistol ƙirar Glock 19 tazarar saitinta wajen inci 6 ce, ka harba a yadi 25 wato inci 900, harsashi ya kauce inci 3. Uku sau shida 18, raba da 900, ya ba ka inci 0.02, rabin milimita ke nan fa. Kaurin farce. Duk wanda ya ga saitin ya matsa sosai da ido toh ya riga ya zarce.

Yanzu aikin. Cire magazin, wato gidan harsashi, ja silaid baya ka leƙa ka sa yatsa ka tabbata babu harsashi, ka kai harsasan wani ɗaki ma gaba ɗaya. Kwance silaid ka cire bututu da sifirin. Duba ko saitin na da ɗan ƙaramin noti a samansa, wasu na da shi, in ba ka sassauta ba ka tura za ka yi ɓarna. Naɗa salatif a gefen silaid, ka ja layi da fensir daga saitin zuwa jikin silaid don ka san inda ka taso. Saitin baya ana tura shi ɓangaren da kake so harsashi ya koma, yana zuwa hagu kana son dama, tura dama. Na gaba kuma akasin haka ne, nan mutane ke rikicewa.

Juya a hankali. Da farko zai yi tauri sai ka ji ƙas ya saki, a nan ake zarcewa, don haka da ka ji ya motsa ka tsaya ka duba layin fensir. In ya ƙi motsi ɗiga masa ɗan mai ka bar shi ya jiƙa, kar ka ɗauko sifana ka ƙara ƙarfi. In sabon saiti kake sawa ka karanta takardarsa don wasu ramukan ta gefe ɗaya ake shiga, kuma in ya yi kauri gindin saitin ake gogewa da magagari kaɗan-kaɗan, kar ka kuskura ka goge silaid, saiti ai ana sayen wani.

Shi wannan ƙarfen hagu da dama kawai yake gyarawa. In harsashi sama yake zuwa ko ƙasa, sai dai ka canza tsayin saiti, Glock ma na da na baya masu tsayi milimita 6.1 da 6.5 da 6.9 da 7.3. Na gabanta kuma ba a tura shi, noti ne ta ciki mai kai 3/16, wani ɗan makulli daban ake saya masa.

Ni yanzu da ƙarfen nake tafiya filin harbi a jaka, in harba biyar, in koma tebur in taɓa kaɗan, in sake biyar da irin harsashin da na saba amfani da shi, don in ka canza nauyin harsashi wurin faɗuwarsa ma na iya canzawa. Sai dai ka tambayi masu filin tukuna, ba ko'ina ake yarda ka kwance bindiga a layin harbi ba.