Yadda Za Ka Ziyarci Saint-Véran, Ƙauyen da Ke Can Ƙololuwar Duwatsun Faransa

Saint-Véran ƙaramin ƙauye ne a yankin Queyras na lardin Hautes-Alpes, kudu maso gabashin Faransa, dab da iyakar Italiya. Yana zaune a tsayin mita 2,040 daga teku, mazaunansa na dindindin kuwa ba su kai 300 ba. Mutanen wurin suna yi masa kirari da garin da zakara ke tsattsagar taurari. Sanyi da gangare da hasken rana su ne suka tsara gidajensa da sana'o'insa, su ne kuma za su tsara maka tafiyarka, don haka da su za ka fara lissafi.

Fara da zaɓar lokaci. Daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Satumba hanyoyin ƙafa a buɗe suke, tumaki na kiwo a kan tudu. Daga Disamba zuwa Maris lokacin dusar ƙanƙara ne da masu wasan zamiya. Watannin da ke tsakani, musamman Nuwamba da Mayu, su ne ke ba baƙo kunya, domin yawancin masaukai da gidajen abinci kan rufe, motocin haya kuma su ragu. Ko da rani ne ka ɗauki rigar sanyi mai kauri. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau, kuma da rana ta faɗi bayan dutse sanyi yake saukowa nan take.

Tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Mont-Dauphin-Guillestre, a kan layin da ke zuwa Briançon, kuma jirgin dare daga Paris yana tsayawa a nan. Kafin ka wuce, ɗaga kai ka dubi ganuwar Mont-Dauphin da Vauban, injiniyan sojan Faransa, ya fara ginawa a 1693. Daga Guillestre saura kilomita 30 da ɗoriya: hanyar D902 ta ratsa kwazazzabon kogin Guil, ka koma D947 ka wuce Château-Queyras, sannan a Ville-Vieille ka kama D5 ta Molines. Ka ba kanka awa guda, don hanyar siririya ce mai kwana-kwana. Kuskuren da direbobi suka fi yi shi ne bin taswirar waya ido rufe. Takan nuna gajeruwar hanya ta mashigar Izoard (mita 2,360) ko ta Agnel (mita 2,744) daga Italiya, alhali duka biyun a rufe suke da hunturu. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a cikin mota. Ka gwada ɗaura sarƙar tun kana ƙasa da rana tsaka, domin koyon ta a gangare, yatsu sun ƙage, wahala ce babba. Wajen saukowa kuma ka sa ƙaramin giya injin ya riƙe motar. Wanda ya danne birki tun daga sama zai ji ya yi zafi ya daina kamawa.

A lokacin cunkoson baƙi, mota a bakin gari ake ajiye ta, a shiga da ƙafa. Kada ka yi gaggawa a ranar farko. Iskar wurin ba ta da kauri, numfashi kan yi sama-sama, wani ma kansa ya yi ciwo. Sha ruwa da yawa, ka bar hawan dutse sai kashegari.

Gidajen su ne babban littafin tarihin garin, a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Lura da cewa ƙauyen a shimfiɗe yake a gefen dutsen da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi daɗewa. Ƙasan kowane tsohon gida na dutse ne mai kaurin bango, a nan iyali da dabbobinsu suke kwana tare da hunturu, ɗumin jikin shanu yana taimakon murhu. Saman kuwa, wanda suke kira fuste, gungumen itacen mélèze ne aka jera ɗaya kan ɗaya, aka bar 'yan kafofi iska na shiga tana busar da ingirici da hatsi. Girman wannan rumbu ya fi na ɗakin mutane nesa ba kusa ba, kuma dalili a fili yake: dabba za ta yi wata shida ko fiye a ɗaure, duk abin da za ta ci sai an yanko shi a ɗan gajeren rani. Itace da busasshiyar ciyawa abokan gobara ne, shi ya sa aka raba garin unguwa-unguwa da tazara a tsakani, kowace da wurin ɗiban ruwanta da tandun burodinta. Shiga gidan tarihi na Le Soum, gida ne na 1641, za ka ga wannan tsari daga ciki. A jikin bangaye kuma nemi agogon rana, zanen da inuwar sanda ke nuna lokaci. Wasu aikin Zarbula ne, mai zane daga yankin Piedmont na Italiya a ƙarni na 19. Kada ka ce ya lalace don ya saɓa da agogon hannunka. Lokacin rana yake nunawa, da rani bambancin yakan haura awa ɗaya da rabi.

Wani abin da baƙi ke tsallakewa, kuma bai kamata ba, shi ne yarjejeniyar 1343. A shekarar ce al'ummomin waɗannan kwaruruwa suka sayi 'yancin tafiyar da harajinsu da zaɓen wakilansu daga hannun Humbert na Biyu, mai mulkin yankin Dauphiné, wanda kwaruruwan ke cikinsa. Tsarin, wanda ake kira Escartons, ya rabu biyu a yarjejeniyar Utrecht ta 1713, ya ƙare a ɓangaren Faransa da juyin juya halin 1789.

Tattalin arzikin garin ya sauya hannu sau da dama. A saman kwarin Aigue Blanche, wajen Clausis, akwai ma'adinin jan ƙarfe da aka fara haƙa kusan shekara 4,000 da suka wuce, aka rufe shi a farkon shekarun 1960. Noma a wannan tsayi bai taɓa ƙosar da kowa ba, samari suka yi ta gangarawa birane irin su Marseille. Yau baƙi ne ke riƙe da garin, sai kiwo, sassaƙar itace da cuku irin Bleu du Queyras, duk a cikin gandun kare muhalli na Queyras da aka kafa a 1977. Idan za ka ci abinci ka tambaya, domin naman alade yana shiga girke-girken dutse da yawa.

Mai ƙarfin ƙafa ya hau dutsen Château-Renard, inda aka gina ɗakin kallon taurari a 1974, a tsayin kusan mita 2,930. Hawan ya kai mita 900, ka ƙiyasta awa 3 zuwa sama. Tashi da sassafe, domin hadarin rani da tsawa bayan azahar suka fi tasowa, tudun kuma ba mafaka. Ɗauki ruwa lita 2, takalmi mai kama ƙasa da tabarau. In ka haɗu da garken tumaki, za ka ga manyan fararen karnuka da ake kira patou, masu tsare su daga kyarkeci. Kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda. Tsaya cik ya shinshina ka, sannan ka zagaye garken daga nesa. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce, amma akwai kwaruruwan da waya ba ta kamawa, saboda haka ka faɗa wa mai masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo.