Kafin ka goge komai a layin umarni, duba inda kake tsaye

Ranar da na fara buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, alamar $ kawai na gani da wani ɗan layi yana ta ƙyaftawa. Na yi zuru ina kallonsa, ban san ta ina zan kama ba.

Abin da ya warware min shi ne gane cewa kullum a cikin wata folda kake tsaye. Rubuta pwd ka danna Enter, za ta gaya maka wacce ce. Sai ls ta nuna maka abin da ke ciki. Da ls -l za ka ga girman kowane fayil da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, ls -a kuwa har ɓoyayyu take tonowa, waɗanda sunansu ya fara da ɗigo. Shiga folda cd hotuna ne, fitowa taki ɗaya kuma cd .. da ɗigo biyu. In ka ɓata, rubuta cd ita kaɗai, ta mayar da kai gida, wato babbar foldarka.

Gajartar sunayen nan gado ce daga Unix, babbar manhajar sarrafa kwamfuta wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, lokacin da amsar kwamfuta ke fitowa a takarda sannu a hankali.

Sabuwar folda: mkdir ayyuka. Kwafe fayil cikinta: cp rahoto.txt ayyuka/, in folda guda za ka kwafe ka ƙara -r. Ita mv aiki biyu take yi, matsar da fayil da canja masa suna, kamar mv tsoho.txt sabo.txt. Sai dai in akwai sabo.txt tun da, za ta danne shi ba ko sallama. Shi ya sa nake sa -i, don ta tambaye ni tukuna.

To, sai rm, mai goge fayil. Wannan ba ta da kwandon shara, abin da ta ɗauka ya tafi. Wata rana da dare na so goge fayilolin rubutu da rm *.txt, yatsana ya taɓa tazara, ya zama rm * .txt. Tauraron shi kaɗai yana nufin kowane fayil. Ta share su kaf, sannan ta yi min ƙorafin wai ba ta ga .txt ba. Aikin sati biyu ke nan.

Tun daga ranar, ls nake fara yi da irin abin da zan goge, in karanta jerin da idona, sannan in danna kibiyar sama ta dawo min da umarnin, in mayar da ls ɗin rm. Doguwar hanya ce, amma na fi barci.

Sunan da ke da tazara a sa shi cikin alamar zance, "aikin gida.txt". Kuma kada ka wahalar da kanka rubuta suna duka: haruffa biyu ko uku, ka danna Tab, ta ƙarasa maka. A Linux, Rahoto da rahoto fayil biyu ne daban.