Fita da Yara Lokacin Zafi: Kurakuran da Muka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Wata Asabar a watan Afrilu muka shirya kai yara gidan zoo. Tun daren Juma'a suke murna, babbar har ta kasa barci. Da gari ya waye aka shiga wanka, aka shiga guga, na ɗora dafa-duka, aka jira ƙanwar babansu da za ta zo daga Hotoro da nata biyun. Ba mu bar gida ba sai sha biyu saura. Muna isa rana ta take tsaka, kowace dabba ta shige inuwa ta baje, sai jela kawai ake hangowa. Kafin mu zagaya rabin wurin auta ya fara kuka, na tsakiyar ya ce takalmi na cizonsa, babansu kuma ya yi shiru irin na wanda ke lissafin kuɗin da ya kashe. A hanyar komawa babu mai yi wa wani magana.

Laifin namu ne, kuma na farkonsa agogo. Mun tsara ranar a kan lokacin manya, alhali mai shekara biyu ne ya kamata ya yanke mana lokacin fita da na dawowa. A Kano, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tsakanin sha ɗaya na safe da la'asar ne rana ta fi duka. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, amma in da ƙananan yara za a fita, wurwurin ya fi. A haɗa jaka tun dare, a goge kaya tun dare, a karya da abu mai sauƙi, a tambayi wanda ya san wurin ƙarfe nawa ake buɗewa, a kasance cikin na farkon shiga. Kafin azahar an dawo gida. In safiyar ta kuɓuce, a haƙura sai bayan la'asar. Wanda ya makara kuwa a ce masa ya tarar da ku can. Ko a dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, da damina ta sassauta zafin, safiya ce dai ta fi, domin da yamma ne hadari ya fi haɗowa daga gabas. In ya riske ku a fili ana tsawa, kada a fake ƙarƙashin bishiya, a nemi gini ko a shiga mota.

Sai batun ruwa. Yawancinmu muna jira ne yaro ya ce yana jin ƙishirwa, shi kuwa in wasa ya ɗauke masa hankali ba zai faɗa ba sai jiki ya riga ya galabaita. A riƙa miƙa masa kurɓi biyu-uku kowane ɗan lokaci ko bai nema ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa, zaƙi ne kawai, ƙishin ma ƙaruwa yake yi. Zoɓo da kunun aya na bakin hanya kuwa ba ka san da wane ruwa aka haɗa su ba, balle ƙanƙarar da aka jefa ciki, ga shi kunun aya ba ya jure zafi, awa kaɗan ya yi tsami. Ni dabarata ita ce in sa gorunan ruwa a firiza tun dare in an samu wuta, da safe in zuba su a kula, suna narkewa muna sha.

Jaririn da bai kai wata 6 ba daban ne. Shi ba a ba shi ruwa ko da zafi ya kai ina, nono ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Na san kakanni ba sa son jin wannan, Hajiyarmu ma sai da muka yi ta fama. Alamun da ke nuna ruwan jikin yaro ya yi ƙasa ba ɓoyayyu ba ne: fitsari ya ragu ya yi duhu, leɓe ya bushe, ya yi kuka babu hawaye, maɗigar jariri ta faɗa. A ajiye ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ɗaya ko biyu a jaka. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin wai don ya fi aiki, illa yake yi. In kuwa yaro ya yi laushi, jikinsa ya yi zafi rau, ya ƙi sha ko ya fara sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kwalliya ma tana cikin masu ɓata fita. Mukan sa wa yaro shadda mai sitaci da hula, yarinya leshi mai ƙaiƙayi da sabon takalmi, saboda hoto. Hoton minti biyu ne, wahalar kuwa ta wuni ce. Riga mara nauyi ta auduga, tsohon takalmin da ƙafa ta saba da shi, da canji ɗaya a jaka sun wadatar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne goyo. Za ka ga jariri da hular sanyi da safa, an goya shi da zane da majanyi, an kuma saki hijabi mai kauri a kansa, uwar na tafiya cikin rana. In ka ɗaga hijabin sai ka tarar da shi sharkaf, wuya duk ƙurajen zafi. A cire hular da safar, a ɗage hijabin iska ta riƙa shiga, a yi masa inuwa da lema, a riƙa sauke shi yana shan iska.

Mota kuwa ba a barin yaro a cikinta, ko na minti biyar ne, ko yana barci, ko an ɗan sauke gilashi. Motar da aka ajiye a rana takan ƙara zafi da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. A gida ma a riƙa kulle motar da ke ajiye, har wadda ta lalace, domin yara kan shige wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su. A adaidaita sahu yaro a tsakiya yake zama, babba a bakin ƙofa.

Dafa-dukar nan tawa ta ranar zoo, ko rabi ba a ci ba, kuma gara da ba a ci ba. Shinkafar da aka dafa da hantsi aka rufe a kula, ba ta yi sanyi ba kuma ba ta ci gaba da zafi ba, ita ce ƙwayoyin cuta suka fi so. Dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a ajiye, a zafin bazara ma awa ɗaya, akwai haɗari a ba wa ƙaramin yaro. Abin da ke jure hanya ya fi: gurasa, dabino, ayaba, lemon zaƙi, dambun nama, cincin. Kankana a tafi da ita ɗungurungum a yanka a can, kada a sayi wadda aka yanka ƙuda na bi. Gyaɗa da alawa mai tauri ba na 'yan ƙasa da shekara 4 ba ne, musamman suna gudu suna ci, shaƙewa ba ta da wuya. A sa guntun sabulu da buta a mota, yaro ya taɓa shingen keji ya taɓa ƙasa, da wannan hannun zai ci gurasa.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Washegarin wata Sallah muka je wani wurin wasan yara, mu manya biyar, yara tara. Ni na ɗauka na tsakiyan nawa yana hannun gwaggonsa, ita ta ɗauka yana wajen babansa, baban kuma ya tafi sayen tikitin lilo. Da muka farga babu shi. Minti goma ne ko sha biyar, amma na ji kamar shekara. Wata baiwar Allah ce ta tsince shi yana kuka bayan rumfar mai ayis kirim. Ta ce ta tambaye shi, "Yaro, yaya sunan babanka?" ya ce, "Abba." "To mamanka fa?" ya ce, "Umma." "Wace unguwa kuke?" ya ce, "Gidanmu." Ta ce mini, "Hajiya, ki koya masa sunan ubansa, don Allah." Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Yawan manya ba ya tsare yaro, sau da yawa ma shi ke jawo sakaci, kowa na ganin wani na kula. Tun a ƙofar gida a raba su da baki: "Yaya, wannan da wannan naki ne. Kawu, ga naka." In za ka matsa, ka damƙa yaron hannu da hannu, wanda ka ba ya amsa. Kada a ɗora wa 'yar shekara 9 amanar ɗan shekara 2 a cikin taro, ita ma yarinya ce, kallo zai ɗauke ta. A rubuta lambar waya a takarda a sa a aljihun kowane yaro, ko da biro a damtsensa. A ɗauke su hoto kafin fita, saboda a cikin ruɗu uwa kan manta launin rigar da ta sa wa ɗanta da hannunta. Alkunyar da ke hana a faɗi sunan miji a gaban yara tana da kyau, amma a samu wani ya koya musu cikakken sunan uba da unguwa da wani sanannen wuri kusa da gida. A kuma koya musu cewa in sun ɓace su tsaya inda suke, su nemi mace mai yara ko mai kayan sarki. Wurin kallon Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa kuwa, inda ga cunkoso ga dawakai ga ƙarar bindiga, ni dai ba na kai ɗan ƙasa da shekara 5 sai in mun samu bene ko wani tudu nesa da hanyar dawaki.

Ruwa yana jan yara kamar maganaɗisu. Masu zuwa Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, ko Bagauda, sukan bar yara su tsoma ƙafa a gefe wai ai babu zurfi. Haɗarin biyu ne. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama, shiru yake tafiya, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa. Don haka babba ya kasance inda hannunsa zai kai ga yaron, wayarsa kuma a aljihu. Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Bayan makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari, wasu har su ce alamar girma ce ga namiji. Ciwo ne, kuma yana da magani, praziquantel, a asibiti. Kududdufan unguwa da ke cika da damina sun fi ko'ina haɗari, don babu mai gadinsu kuma yara sun san hanyarsu.

Wikki da ke Yankari ruwa ne mai gudu, garau, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina, amma can ma akwai ɓangare mai zurfi. Gwaggon birin wurin kuma sun san leda, in suka ga yaro riƙe da ita za su zo su fizge. Abinci ya zauna a rufe, kada yaro ya miƙa wa biri komai, a can ko a gidan zoo. Cizo ko yakushin biri na asibiti ne a ranar, bayan an wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Kuma daga Kano Yankari ba tafiyar je-ka-dawo ba ce da ƙananan yara, sai da kwana. A tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi, a yi tafiyar da rana, a tafi da gidan sauro.

Wani kuskuren shi ne haɗama. Tunda an samu mota an samu rana, sai a ce a je zoo, a biya kanti, a gaida Inna a Fagge, a ƙare a wurin lilo. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Wuri ɗaya, awa biyu, ya ishi ɗan shekara 3, kuma ba dole sai mai tsada ko mai nisa ba. Gidan Makama, da aka gina tun ƙarni na 15 zamanin Muhammadu Rumfa, yana nan kusa da gidan Sarki, ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a ciki, kaurin bangon ƙasa kuma ya sa ɗakunan da sanyi. Dutsen Dala da sassafe, kafin dutsen ya ɗau zafi, yaro zai hango birni gaba ɗaya a ba shi labarin Barbushe, sai dai a riƙe hannunsa a sama. Marinar Ƙofar Mata, yara kan tsaya baki buɗe suna kallon yadda zane ke fitowa kore daga rijiyar baba, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Can ma a riƙe su gam, ramukan suna da zurfi.

Da muka koma gidan zoo bayan wata biyu, da sassafe wannan karon, manyan sun ga jimina tana takawa, sun ga birai suna tsalle. Na ɗaga auta sama ina cewa, "Kalli, kalli!" Shi kuwa ya zame ya sauka, ya tsuguna gaban wani jan gwada da ke gyaɗa kai a kan bulo. Ya fi minti ashirin a wurin, ƙadangaren na gyaɗawa yana gyaɗa masa. Babansa ya ce mu tafi, na ce a bar shi. Da muka dawo Hajiya ta tambaye shi, "Maigidana, me ka gano mini?" Ya ce, "Kada." Irin wannan kadan akwai guda uku a katangar banɗakinmu, kuma tun ranar kullum da hantsi sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya je ya gaishe su.